Yadda Ake Adana Tsofaffin Kundaye a Kwamfuta: Jagora ga Masu Littattafan Gado a Sakkwato

Da wuya a sami tsohuwar unguwa a birnin Sakkwato, ko a Wurno, ko Sifawa, ko Gwandu, wadda babu gidan da ke riƙe da kundayen gado, wato littattafan da aka rubuta da hannu cikin Larabci ko ajamin Hausa da Fulatanci, aka rufe su da tadarishi, wato bangon da ke riƙe warƙoƙinsu, aka zuba a gafaka ko a adaka. Wasu sun isa hannun hukumomi irin su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, amma da yawa suna nan a zauruka da ɗakunan malamai, inda gara da yoyon damina da yawan taɓawa suke cin su sannu a hankali.

Tun da wayoyi masu kyamara suka yawaita, mutane da dama sun ɗauka cewa da an ɗauki hoton littafi shi ke nan an cece shi. Ba haka abin yake ba. Takardar da aka rubuta a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, tana karantuwa har yau, alhali wayar da aka ɗauki hotonta da ita ba lallai ba ne ta shekara biyar a hannun mai ita. Ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Abin da ke sa hoto ya zama ajiya shi ne a san ko na wane littafi ne, a iya nemo shi idan an buƙace shi, kuma a sami wanda zai riƙa duba lafiyarsa shekara bayan shekara. Ga yadda ake bin aikin tun daga farko.

Izini kafin a taɓa komai

Kundin gado yawanci ba na mutum ɗaya ba ne, na magada ne, ko da kuwa a ɗakin mutum ɗaya yake. Saboda haka ba ya wadatarwa a ce wani daga cikin 'ya'yan gida ya yarda. A nemi babban gida, a yi magana a gaban waɗanda abin ya shafa, sa'an nan a rubuta abin da aka amince a kai cikin harshen da kowa yake karantawa: wa zai riƙe kwafin hotunan, wa aka yarda ya gani, ko za a sa su a intanet ko ba za a sa ba, da kuma cewa asalin littafin ba zai bar gidan ba. A tabbata masu littafin sun sami nasu cikakken kwafi, domin rashin yin haka na daga cikin abubuwan da ke sa gidaje su rufe ƙofa ga masu bincike.

Ba duk abin da ke cikin kundi ne za a baza wa duniya ba. A tsakanin littafin fiƙihu da waƙar wa'azi akan sami laƙani da asiran gida, da wasiƙu, da takardun bashi, da rabon gado, da bayanin asalin wasu mutane waɗanda jikokinsu suna raye. Ya kyautu tun daga farko a kasa kayan kashi uku: wanda kowa zai iya gani, wanda sai an zo an nemi izini, da wanda aka ɗauki hotonsa don ajiya kawai. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu, da ƙaninsa Abdullahi, da Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, duk sun wuce wannan wa'adi, amma waƙoƙi da littattafan malaman ƙarni na 20 da yawa ba su wuce ba, kuma mallakar takarda daban, mallakar abin da aka rubuta a kanta daban.

Lissafi da shiri

Kada a kunna kyamara sai an lissafa kayan. Kowane gida a ba shi lamba, kowane kundi a ba shi lamba, a rubuta lambar a 'yar takarda mai tsabta a saka a cikin tadarishin. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake, don haka suna saurin cakuɗewa, kuma tadarishi ɗaya yana iya ɗaukar littattafai biyar ko fiye. Abin da ke taimakawa wajen gane jerin shi ne kalmar da mai kwafi yake rubutawa ita kaɗai a ƙasan bayan warƙa, can gefen hagu, wadda ita ce kalmar farko a warƙar da ke biye. Idan kalmar ta dace da farkon warƙa ta gaba, jeri ya yi daidai. Idan ba ta dace ba, ko dai wata warƙa ta ɓata, ko an sauya mata wuri. A irin wannan hali kada a yi gaggawar gyara da ka, sai a rubuta yadda aka tarar da shi, a nemi malamin da ya san littafin ya duba. Bayan an daidaita, idan masu littafi sun yarda, a sa lambar kowace warƙa da fensir mai laushi a kusurwar sama inda babu rubutu. Biro ba shi da wuri a wannan aiki.

A share ƙura da burushi mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu ta auduga, domin safa tana hana mutum jin takarda a yatsunsa har ya yage ta bai sani ba. Warƙar da ta yage a bar ta yadda take, kada a manna mata salatif ko gam, kuma kada a kai ta a rufe da roba a inji, domin ɓarnar da waɗannan suke yi ba ta gyaruwa. Kundin da ya yi fumfuna a ware shi daga sauran.

Ɗaukar hoto

Kyamara da aka ɗaure a sama tana kallon ƙasa ta fi dacewa da tsohuwar takarda. Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi tana iya yi wa warƙa mai ƙwari, amma irin wadda take jan takarda ta ciki tana iya yayyaga ta, don haka a nisance ta. A shimfiɗa baƙin ƙyalle ko ruwan toka a kan tebur, a daidaita kyamara ta fuskanci takardar sosai ba a karkace ba, a sa fitilu biyu marasa zafi, ɗaya dama ɗaya hagu, suna haskawa a kaikaice. Kada a yi amfani da walƙiyar kyamara. Hasken rana da ke shigowa ta ƙofar zaure yana da kyau a ido, sai dai yana sauyawa daga hantsi zuwa la'asar, sai a ga shafukan littafi ɗaya sun fito da launi daban-daban. A ajiye rula a gefe domin a san girman takardar, in da hali kuma a haɗa da katin gwajin launi, aƙalla a hoton farko na kowane littafi.

A ɗauki warƙa gaba ɗayanta har da gefunanta huɗu, kada a yanke a bar rubutun tsakiya kaɗai. A gefen shafi ne ake samun sharhin malamai, da fassarar kalmomi cikin ajami, da sunan wanda ya mallaki littafin, wani lokaci ma har da ranar haihuwa ko rasuwa ko labarin shekarar yunwa, kuma sau da yawa waɗannan sun fi matanin kansa daraja ga mai tarihi, tun da matanin ana iya samunsa a wasu gidaje. A ɗauki ciki da baya ko da bayan babu rubutu, a ɗauki tadarishi da gafaka, da duk wata guntuwar takarda da aka tarar a tsakanin warƙoƙi, a nuna inda aka same ta.

Ingancin hoto kada ya gaza ɗigo 300 a kowane inci, kuma 400 ya fi ga ƙananan rubutun gefe. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce a buɗe hoton a kwamfuta a ƙara girmansa, a nemi harafin fa da na ƙaf. A rubutunmu na Magaribi fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama. Idan ana ganin ɗigon a fili, kuma wasalin jar tawada bai cakuɗe da baƙi ba, hoton ya yi. Asalin hoton a ajiye shi a tsarin TIFF ba tare da an matse shi ba, sa'an nan a fitar da ƙaramin kwafi na JPEG ko PDF don karatu da rabawa. Shafi mai faɗin santimita 16 da tsawon 22, idan aka ɗauke shi a ɗigo 400, yana cin kusan megabayit 26, wato shafi 1,000 zai ci kusan gigabayit 26. Da wannan lissafi mutum zai san girman rumbun ajiyar da zai saya, wato na'urar adana fayil da ake jonawa da kwamfuta.

Wanda ba shi da komai sai waya, ya yi da ita, domin hoto mai rauni ya fi babu, amma ya kiyaye abu biyu. Kada ya yi amfani da manhajojin da suke wanke hoto su mai da takarda fara fat, domin suna shafe jar tawada da rubutun da ya dusashe. Kuma kada ya tura hotunan ta WhatsApp a matsayin ajiya, domin yana matse su su rage inganci. Ya kwashe su zuwa kwamfuta ta igiyar haɗi.

Akwai wani hoto guda da ake yawan mantawa. Idan aka haska takarda ta baya, akan ga tambarin masana'antar da ta yi ta a cikin jikinta. Wanda aka fi gani a ƙasar Hausa shi ne na jinjirin wata uku a jere, takardar da ake yi a arewacin Italiya ana shigo da ita ta Sahara. Tambarin yana taimaka wa masana wajen kintata zamanin da aka yi kwafin, don haka a ɗauki ko da warƙa ɗaya ce a kowane littafi ta wannan hanya. Kafin a tashi aiki kowace rana a ƙirga hotuna a gwada da yawan shafuka, a sake ɗaukar wanda ya yi dishi-dishi tun littafin yana kan tebur.

Sunan fayil ya zama gajere kuma mai tsari ɗaya, misali SKT-G03-K012-0045a, wato Sakkwato, gida na 3, kundi na 12, warƙa ta 45, fuskar ciki, bayanta kuma ya ƙare da b. Sifirin da ke gaban lamba shi ke sa kwamfuta ta jera su daidai. Kada a sa haruffa masu lanƙwasa ko na Larabci ko tazara a cikin sunan fayil, domin wasu na'urori suna rikita su. Wurin waɗannan yana cikin fihirisa, wato jadawalin bayanan littattafan.

Fihirisa

A nan aikin yake da nauyi, kuma a nan aka fi yin sakaci. A buɗe jadawali a kwamfuta, kowane littafi layi ɗaya, ba kowane kundi ba. Ɗakunan karatu na duniya suna da wani ma'auni da ake kira Dublin Core, mai gurabe 15, wanda aka fara tsarawa a 1995 a garin Dublin na jihar Ohayo ta Amurka, kuma bin sa yana sa a iya haɗa fihirisarka da ta wasu nan gaba. Abin da littattafanmu suke buƙata bai yi nisa da shi ba: lamba, sunan littafi, mawallafi, mai kwafi, shekarar wallafa, shekarar kwafi, harshe, irin rubutu, fanni, yawan warƙoƙi, girma, halin da takardar take ciki, mai littafi, matakin izini, ranar ɗaukar hoto da wanda ya ɗauka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa mawallafi da mai kwafi, ko haɗa shekarar da aka wallafa littafi da shekarar da aka kwafe shi. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a shekara ta 1227 bayan Hijira, daidai da 1812, kuma masu kwafi sukan ɗauko wannan shekara su sake rubuta ta yadda suka gan ta. Kwafin da ke hannunka yana iya zama an yi shi shekara 100 bayan haka. Don haka a karanta ƙarshen littafi a tsanake, inda rubutu yake tsukewa ya koma kamar dala a kife, inda ake cewa littafi ya kammala da godiyar Allah, a hannun wane ɗan wane, don wane. Idan mai kwafi bai faɗi shekara ba, a bar gurbin a rubuta cewa ba a ambata ba. Gurbin da aka bari ba komai ya fi wanda aka cika da zato, domin zato yana shiga littattafan bincike ya zauna kamar gaskiya.

Shekara kuma sau da yawa ba da lamba ake rubuta ta ba, da ramzi ake yi, wato kalmar da jimlar ƙimar haruffanta ke ba da shekarar, musamman a baitin ƙarshe na waƙa. A nan dole a yi lissafi da abajadin Magaribi wanda malamanmu suka bi, ba na Gabas ba. A na Magaribi harafin shin 1,000 ne, alhali a na Gabas 300 ne, kuma sin da sad da dad da gain duk ƙimarsu ta bambanta a tsakanin biyun. Shin da ra da kaf da zai, idan aka haɗa 1,000 da 200 da 20 da 7, sun ba da 1227. A rubuta kalmar ramzin kanta a fihirisa, a biyo da shekarar Hijira, sa'an nan ta Miladiyya. A tuna cewa shekarar Hijira takan faɗa cikin shekarun Miladiyya biyu: 1232, shekarar da Shehu ya rasu, ta fara a ƙarshen 1816 ta ƙare a 1817, don haka idan ba a san wata ba sai a rubuta duka biyun.

Sunan mutum ɗaya a rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Idan a wani layi an sa Abdullahi bn Fodiyo, a wani Abdullahin Gwandu, a wani Malam Abdullahi, mai nema zai sami kashi ɗaya ya rasa biyu. A zaɓi ɗaya, sauran a tara su a wani shafi na daban. Littafin da ba shi da suna, ko wanda farkonsa ya ɓata, a kwafe layinsa na farko bayan basmala da na ƙarshe, domin da su masana suke gane shi, kuma ana iya gwadawa da juzu'i na biyu na fihirisar marubutan Larabci na Afirka wanda masanin tarihi John Hunwick ya fitar a 1995, wanda ya ƙunshi malaman wannan yanki. A raba gurbin harshe da na rubutu, domin ajami rubutu ne, harshen kuwa yana iya zama Hausa ko Fulatanci, wani shafi ma yana ɗauke da harsuna uku. Idan ana mai da baitin ajami zuwa boko, kada a gyara Sakkwatanci ya koma daidaitacciyar Hausa. Inda mawaƙi ya ce shina, ko hwari, a bar shi haka, domin karin harshen shaida ce ta inda waƙar ta fito.

Abin da dattijon gida ya faɗa game da littafi, wanda ya kawo shi da wanda ya karantar da shi, a rubuta shi a gurbinsa na daban a ce in ji wane, ranar kaza, kada a gauraya shi da abin da ke rubuce a takarda. A ganina, idan kuɗin aiki kaɗan ne, gara a biya malamin da ya iya karanta tsohon rubutu ya zauna tare da mai kwamfuta da a ƙara sayen kyamara mai tsada.

A buga fihirisa da haruffan Unicode, wato tsarin haruffa na bai ɗaya da na'urorin yanzu suke ganewa, domin tsofaffin nau'o'in haruffan Hausa da ake ɗorawa a kwamfuta suna komawa alamomi marasa ma'ana idan an buɗe su a wata na'ura. A ajiye kwafi a tsarin CSV wanda kowace manhaja take buɗewa, a kuma buga ɗaya a takarda a ajiye tare da kundayen.

Ajiya da dubawa

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. A Janairun 2013 an ƙone dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbuktu, kuma mafi yawan kayan garin sun tsira ne saboda an riga an kwashe su zuwa Bamako. Kwafi uku a ɗaki ɗaya, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya ishe su. A ajiye ɗaya a wurin aiki, ɗaya a wani gida ko wata hukuma, na uku a ma'ajiyar intanet idan izini ya ba da dama. Asusun intanet ɗin kada ya zama na ma'aikaci ɗaya, kuma kalmar sirrinsa ta kasance a hannun amintattu biyu aƙalla, a kuma san wanda zai riƙa biyan kuɗinsa.

Yanayin Sakkwato ba ya raga wa na'ura. A bazara zafi yana haura digiri 40, a hunturu ƙura tana shiga ko'ina, wutar lantarki kuma tana zuwa da ƙarfi ta ƙone abin da ta tarar. Rumbun ajiya a sa shi cikin akwatinsa a ɗaki mafi sanyi, kada a bar shi a mota, kuma a cire shi daga wuta idan ba aiki ake yi ba. Filash da katin memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekaru ba ne, haka ma faifan CD da ake ƙonawa a shago. Rumbun da ke ɗauke da asalin hotuna kada a kai shi shagon buga takardu, domin can ake kwaso cutar kwamfuta.

Fayil yana iya lalacewa ba tare da sunansa ko girmansa ya sauya ba. Maganin wannan shi ne a sa manhaja ta lissafa wa kowane fayil lambar shaida ta tsarin SHA-256 tun ranar da aka ɗauke shi, a ajiye jerin lambobin. Akwai manhajojin kyauta da suke yin haka. Duk lokacin da aka sake lissafi, idan lambar ta fito daban, fayil ya taɓu, sai a maye gurbinsa daga kwafi mai lafiya. A tsayar da lokaci sananne, misali kowane watan Muharram, a kunna kowane rumbu, a gwada lambobin, a buɗe wasu hotuna da ido, a rubuta sakamakon a littafin aiki. Bayan kamar shekara biyar a kwashe komai zuwa sabon rumbu ko da tsohon yana aiki. Wanda ya taɓa ajiye rubutu a ƙaramin faifan kwamfutocin zamanin da, ya san cewa yau da ƙyar zai sami na'urar da za ta buɗe shi.

Kaset na tafsiri da wa'azi da waƙa shi ma haka ake bi da shi: a kwashe shi a tsarin WAV don ajiya, MP3 don saurare, a ɗauki hoton abin da aka rubuta a jikinsa.

Asalin kundi kuwa hoto ba ya maye gurbinsa. A mai da shi tadarishinsa, a naɗe da farin ƙyallen auduga mai tsabta, a ɗora a kan kanta nesa da ƙasa da bango, kada a ƙulle shi a leda inda gumi zai taru, a riƙa leƙawa ko gara ta yi hanya, musamman da faɗuwar damina.

Wanda aikinsa ya fi ƙarfin aljihunsa yana iya neman haɗin kai da sassan jami'a, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ko shirin ceto kayan tarihi na Ɗakin Karatu na Birtaniya wanda ya fara a 2004 yana ba da tallafi. Sharaɗin wannan shiri shi ne asalin kayan ya zauna a ƙasarsu, a bar kwafi a wata cibiya ta cikin gida, su kuma su sa hotunan a intanet kowa ya gani kyauta. Saboda haka kafin a cike takardar neman tallafi, a koma ga magada da yarjejeniyar da aka rubuta tun farko, a ware kundayen da suka ce ba na bainar jama'a ba ne, a nemi tallafi a kan sauran.